Hotunan da Na Zaɓa wa Baba

Ina tsaka da turara shinkafa ranar Talata da hantsi, hayaƙi ya cika mini ido, na tuna ban buɗe saƙon da Surayya ta turo ba. Na goge hannu a zane na danna.

"Yaya Kubra, ki samu wuri ki zauna kafin ki saurara. Kin zauna? To, kwas ɗinmu ya ƙare tun jiya. Jirginmu kuma sai nan da kwana goma sha ɗaya. Su Dakta, shugabar tawagarmu, za su zauna a babban birni su yi ta zagayen kantuna, ni kuwa wallahi ba zan iya ba. Na ɗauki jakata, ina tashar mota yanzu haka, kudu na nufa. Ki rufa mini asiri a wurin Baba. Ke ce uwata, ke ce ubana."

Ban zauna ba. Da na zauna ma da na miƙe.

Surayya ƙanwata ce, malamar gona, ita ce mai bin manoman rani daga Kura har Bunkure tana gaya musu abin da suka riga suka sani da sabon Turanci. An zaɓe ta cikin mutum bakwai aka tura su ƙasar Meksiko koyon sabbin dabarun noman masara na mako shida. Kafin Baba ya amince sai da gidanmu ya kusa tashi. Baffa Ibrahimu, wan Baba, ya ce yarinyar da ba ta yi aure ba, a ɗauke ta a kai ta bayan duniya, inda ko alƙibla sai an tambaya? Baba ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce a gaban kowa a zaure, "Surayya ba ta taɓa ce mini tana gabas alhali tana yamma ba. Za ta zauna a makarantar tare da Dakta Ummul-Khairi har ranar dawowa. Na ba da bakina a kan haka."

Malam Hammadu ke nan, mahaifinmu. Da safe yana gona, da azahar yana gaban allunan Islamiyya, kuma a duk Kura ba a taɓa jin ya janye maganar da ya faɗa ba. Wannan bakin nasa shi Surayya ta cusa a jakar goyo ta hau mota da shi. Ni kuma aka bar ni da gadi.

Dalilin da ya sa ni ce mai gadin, Baba ƙaramar waya yake riƙewa, mai maɓallai, wadda ko hoton kaza ba ta nunawa. Tun da Surayya ta tafi, kullum bayan la'asar nakan taso daga gidana in zo in zauna kusa da tabarmarsa in nuna masa hotunan da ta turo. Ya saba har ya kai idan na makara yakan leƙo ƙofa. Mako shida yana kallon gonar makarantar: fili shimfiɗaɗɗe kamar namu, kanal a gefe, masara iya gwiwa a jere kamar an ja da zare, kowane layi da ɗan allonsa. Yakan kawo wayar kusa da hanci ya ce, "Sun matse ta da yawa. Ki gaya mata ta gaya musu."

Na mayar mata da saƙo mai zafi. Na ce ba ruwana, na ce ta juya, na ce in ta ɓata a can ko sunan garin ban iya faɗa ba balle in je nema. Ta aiko mini da hoton ƙafafunta a kan jaka da ɗan yatsa a ɗage. Daga nan na san na shiga.

Garin farko Puebla. Ta ce Turawan Sifen ne suka gina shi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma duk garuruwan da suka gina tsari ɗaya ne: fili a tsakiya mai bishiyoyi da kujeru, ƙatuwar coci a gefe, tituna a miƙe an shimfiɗe su da duwatsu. Gidaje kuwa kowa da fentinsa, wannan ruwan ƙwai, wancan shuɗi, na gaba ja, sai ka ce 'yan biki ne suka ƙi yin anko. Ta sauka a wani masauki na matafiya masu ƙaramin ƙarfi, ɗaki ɗaya gado shida, wani a kan wani, mata zalla. Ita aka ba na sama.

"Yaya, ni da ko katangar gidanmu ban taɓa hawa ba, ga ni ina hawa tsani in kwanta. Wadda ke ƙasana 'yar Jamus ce, wata bakwai tana yawo da riga uku. Na ba ta dambun naman Umma, yanzu duk inda na yi tana bina."

Na ce a raina, an kashe kuɗin jirgi an kai ki ki kwana a kan kanta kamar buhun taki.

Abinci kuwa a kasuwa take ci, a tsaye ko a kan benci. Kalmomi uku ta haddace da Sifananci kafin komai: babu alade, babu kitsensa, na gode. Da su take yawo kamar laya. Abin da ya rage mata shi ne wake, ƙwai, da wata 'yar waina ta masara mai faɗi wadda suke ci safe da rana da yamma. Ta ce in ka ɗaga ta kana iya hango mai sayarwa ta ciki. Barkononsu kuma ya sa ta hawaye a bainar jama'a, ita da take cewa yajin Umma na jarirai ne.

Daga Puebla ta wuce garin da ake kira Wahaka. Can ne wata tsohuwa ta gan ta da dogon hijabi ruwan toka, ta ɗauka 'yar coci ce irin masu lulluɓi, ta kamo hannunta ta sumbata tana neman addu'a. Surayya ta rasa yadda za ta yi, ta ce mata, "Allah ya ba ki lafiya, Iya," da Hausa. Tsohuwa ta tafi tana murna. Na yi dariya har shinkafata ta kusa kamawa, sannan na tuna ni ce zan je gaban Baba da la'asar, dariyar ta koma ciki.

Hotuna dai suna ta shigowa, talatin, arba'in a rana. Sai na kafa wa kaina doka. Coci ba za ta je gaban Baba ba. Haka tashar mota, haka gadon sama, haka 'yar Jamus mai riga uku. Duk hoton da ke da titi, ko dutse, ko baƙuwar fuska, na tura shi gefe. Me ya rage? Masara. Surayya ko a hanyar makabarta ta ga masara sai ta tsaya ta ɗauka, don haka ban rasa ba. Na ce masara ai masara ce, ta makaranta da ta bakin hanya duk ganye ne da kara. Har wani daɗi na ji na wayona. Ni 'yar manomi, jikar manomi, na zauna na yanke shawarar cewa abin da ya fi aminci a nuna wa Malam Hammadu shi ne gona.

Ranar Alhamis na miƙa masa na farko. Masara ce a jikin gangaren tudu, doguwa ta fi mutum, wake ya nannaɗe karan, kabewa ta bazu a ƙasa. Baba ya kawo wayar kusa da hanci. Ya daɗe.

"Makarantar tasu tana da girma," ya ce.

"Sosai, Baba."

"To ruwan fa? Ta ina suke hawo da shi kan tudun nan?"

"Inji, Baba. Wani ƙaton inji gare su."

"Allah sarki. Inji." Ya miƙo mini wayar. "Ki gaishe ta."

Na fito ina yaba wa kaina.

Ita kuwa uwar tafiya ta hau motar da ke kwana a hanya, wai don ta huta da biyan masauki, ta wayi gari a San Kiristobal, can saman duwatsu. Ta ce sanyin garin ya wuce duk abin da ta sani, ga hazo yana yawo a titi da safe kamar shi ma kasuwa zai je. Nan ne ƙasar 'yan ƙabilar Maya, mutanen da suke wurin tun kafin Turawa su zo, kuma har yau da yarensu suke magana a ƙauyuka. Matansu gajeru ne, masu kitso biyu har baya, wasu da baƙin zane na gashin tumaki mai kauri, wasu da riguna masu furanni da suka saƙa da hannunsu. Kowane ƙauye da irin adonsa, da ka ga mace ka san garinsu. Ƙananan motocin da ke kai mutane ƙauyukan kuwa, ta ce, ba su da maraba da na tashar Kura: ba a tashi sai an cika, in an cika a ƙara mutum biyu, sannan a miƙo maka kajin wani ka riƙe.

Ranar Juma'a saƙonta ya zo da wata irin murya. Na ɗauka wani abu ne ya same ta.

"Yaya, na yi sallar Juma'a. A masallaci. Wata mai sayar da kayan miya ce ta ga hijabina ta yi mini sallama, cikakkiyar sallama, na kusa faɗuwa. Ashe akwai Musulmi a cikinsu, a bayan gari suke. Ta kai ni. Ɗan ƙaramin masallaci ne, matan da zanensu na gargajiya da ɗankwali. Da liman ya fara Fatiha sai kawai na ji hawaye. Bayan an idar suka zaunar da ni suka cika ni da miyar kaza."

Na saurara sau uku. A nan ne abin ya fara cina. Duk duniya babu wanda wannan labari zai faranta wa rai kamar Baba. Da ya ji, da ya tara ɗalibansa ya ba su, da ya taka har gidan Baffa ya ce ga bayan duniyar da kake faɗa. Ga shi a hannuna, kuma ba halin in kai masa, don kowace kalma a ciki tana cewa Surayya ba ta makaranta. Baƙin ciki ya kama ni, haushinta ya kama ni, na kama waya.

"Ke Surayya, ki kira Baba ki faɗa masa da bakinki. Na gaji. Kullum sai na yi wa dattijo ƙarya bayan ya idar da sallah, carbi na hannunsa."

"Yaya, in na faɗa yanzu cewa zai yi in koma wurin Dakta yau ɗin nan. Kuma Baffa zai ji. Kin san abin da Baffa zai yi da maganar nan, har jikokinmu sai sun ji ta. Saura kwana takwas. In na dawo zan durƙusa in faɗa masa komai."

"Ni kuma kafin nan in yi ta ƙera injuna?"

"Wane inji?"

Na kashe wayar.

Asabar na kai masa na biyu. Wannan karon masarar ta bushe ƙayau, kuma kowane kara an karya shi daga tsakiya an sunkuyar da shi, goyon yana kallon ƙasa. Gona guda haka, kamar an yi musu faɗa. Baba ya sa yatsa biyu ya buɗa hoton, abin da ban san ya iya ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Ranar Litinin masarar nan tana iya gwiwa. Yau Asabar ta yi goyo, ta bushe, har an karya ta. Lallai irin nasu yana da sauri."

"Ai shi ya sa aka tura su koyo, Baba."

"Haka ne. Shi ya sa."

Wallahi haka na faɗa, ko ƙifta ido ban yi ba. Ya ci gaba da kallon karan nan da aka karya, yana karkata wayar hagu da dama, har na ce masa caji zai ƙare.

Washegari ina zaune a wurin sai ga Baffa Ibrahimu ya shigo da sandarsa. Aka gaisa, aka taɓa maganar alkama da ranar da za a saki ruwa a layinsu. Sai ya juyo. "Yaya 'yar makarantar taku? Tana nan dai tare da Daktar?"

Baba mutum ne da in ka tambaye shi abu yakan dube ka a ido ya ba ka amsa, ko ta yi maka daɗi ko kada ta yi. Ranar sai ya dubi tabarma. "Tana lafiya," ya ce. "Yaya, ka ce takin nan da ka saya bai narke da kyau ba?"

Na fara zargin ya gano mu. Amma mutum in ya so ya ruɗi kansa ba ya rasa hanya. Kafin in isa gida na shawo kan zuciyata cewa gajiya ce kawai, dashen tumatir ya sha masa kai.

Litinin da la'asar na zo ban same shi ba. Umma ta ce ya bar saƙo in same shi a gona, in taho da wayar. Na dubi takalmina, sabo ne, na fita da shi don ban san da tafiyar ba. Na hau ɗan sahu zuwa bakin kanal, na ƙarasa da ƙafa ta kan kunya.

Na same shi ya naɗe wando yana ba tumatirin da aka dasa ruwa, ya jera tiyo uku daga ƙaramar hanyar ruwa zuwa fangalin da aka yi dashen. A gefen gonar akwai 'yar masarar da ya bari ta iri. Kara uku a ciki an karya su an sunkuyar, an yi abin a karkace, ɗaya ma ya tsinke gaba ɗaya. Ina ganinsu na gane Baba ne ya gwada abin da ya gani a hoto.

"Kira mini ita," ya ce. "Irin kiran da ake ganin mutum."

A can safiya ce. Na san inda take, don ta gaya mini: kwana biyu ke nan tana wani ƙauye a gidan wata mata mai suna Paskuwala, wadda suka haɗu a mota Surayya ta riƙe mata kaji. Na yi addu'ar kada kiran ya shiga. Ya shiga, ras, kamar tana nan kusa da mu a Madobi.

Fuskarta ta fito tana murmushi, bargo a kafaɗa. Tana ganin hular Baba murmushin ya tsaya a inda yake. A bayanta ga tudu, ga hazo, ga masara a sunkuye har iyakar gani.

"Baba, ina wuni... ina kwana..."

"Lafiya lau. Mai gonar nan yana kusa?"

"Yana... yana nan, Baba."

"Ba ni shi."

Ta juya wayar. Wani ɗan dattijo ne, mijin Paskuwala, Mariyano, da hular kaba da adda a hannu, fuskarsa duk tamoji. Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sannu da aiki." Shi ma ya ɗaga hular ya faɗi nasa. Baba ya ce in matso, ya ja ni har gaban karan da ya ɓata, ya nuna su, ya buɗe tafin hannu alamar tambaya.

Mariyano ya leƙo, ya leƙo, sai ya fashe da dariya har da dafa gwiwa. Ya girgiza kai. Ya je ga wani kara da ke tsaye, ya nuna goyon, ya sauko da yatsa zuwa gaɓar da ke ƙasa da shi, ya ɗan buga wurin da bayan adda, ya lanƙwasa a hankali. Karan ya sunkuya bai tsinke ba. Baba ya ce, "Af! A ƙasa ne ashe." Ya ɗauki lauje ya gwada a kan na huɗu. Mariyano ya ce wani abu da ƙarfi yana nuna ƙasa. Baba ya sauko da gaɓa ɗaya ya sake. Wannan karon ya yi. Dattawan nan biyu suka yi ta gyaɗa wa juna kai suna dariya, babu wanda ya san kalma ɗaya ta ɗan'uwansa.

"Tambaye shi dalili," in ji Baba.

Muryar Surayya ta fito daga gefe, a sanyaye. "Na tambaya tun shekaranjiya, Baba. Don kada ruwan sama ya shiga cikin goyon ya ruɓar da shi. Tsuntsaye ma ba sa samun wurin tsayawa. Sai ta ƙarasa bushewa a gona, su ɗebo a hankali."

"Na yi zaton haka. Masu hankali ne. Ki ce na gode, Allah ya ba da amfani." Ya ajiye laujen. "Shi ne malamin naku na makaranta?"

Ina jin ƙarar ruwa a tiyo. Wayar ta juyo, fuskarta ta dawo, idanun sun cika.

"A'a, Baba. Ba na makaranta. An gama tun ranar Litinin da ta wuce. Ni kaɗai na taho, gari uku na bi kafin nan. Ni na sa Yaya ta ɓoye maka."

"Na sani tun ranar Alhamis," ya ce. "Shekara arba'in ina bin ruwa a gona, na san inda yake zuwa da inda ba ya zuwa. Gonar da aka nuna mini ta damina ce, ta talaka, mai shuka wake da kabewa don gidansa. Na yi shiru ina jira in ga wacece a cikinku za ta fara gajiya."

Ni dai na kafa ido a kan takalmina.

"Surayya, da kin tambaye ni, da na ce a'a. Ki sake tambaya, in sake cewa a'a. A na uku in je mu yi ta gardama da Baffanki, in dawo in ce ki tafi. Kin san haka ake yi da ni, haka kika yi har kika hau jirgi. Me ya sa wannan karon kika ga ban cancanci wahalar ba?"

Ta fashe da kuka sosai. Wani hannu mai ɗauke da mundaye, na Paskuwala, ya shigo hoton ya dafa kafaɗarta.

"Jiya wana ya tambaye ni ke, na kasa kallon idonsa. Ban taɓa yin haka ba tun muna yara. Wannan ne ya yi mini ciwo, ba hawan duwatsunki ba."

"Ka yafe mini, Baba. Gobe zan koma wurin Dakta."

"Ki koma ki yi me, ki tsaya a kanti? Ki ƙarasa abin da kika fara. Amma kullum ki kira ƙaramar wayata ki faɗa mini sunan garin da kike, da bakinki, ko ban iya maimaitawa ba. Baffanki kuwa ni zan je in same shi bayan magariba in gaya masa maganar da na faɗa a zaure ba ta tsaya ba."

"Baba, ka bari in na dawo ni in..."

"Ni na ba da bakina, ni zan je. Ki gaida masu gida."

Na kashe kiran. Na so ƙasa ta buɗe. Na san yadda zaman nan da Baffa zai kasance, na san Baba zai zauna ya sha shi duka bai ce uffan ba, kuma rabin abin ni na dafa masa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina yarinya.

"Ke kuma sarauniyar injuna," ya ce, "ba ni wayar. Ba waɗanda kika tace ba. Duka."

Ya zauna a kan kunya, ya goge babban yatsa a riga, ya fara turawa. Na tsuguna a gefe ina ba da bayani da 'yar muryar da ta rage mini. Ya ga cocin Puebla ya tambayi shekarunta, ya ce magina sun yi aiki. Ya ga gadon sama ya ce, "Nan ta kwana? Surayya?" Ya ga 'yar Jamus ta cika baki da dambu. Da ya zo kan masallacin na kunna masa saƙon, ya saurara kansa a ƙasa, ya ce in sake kunnawa, ya yi hamdala a hankali.

Sai ya tura ya tsaya. Hoton ma ni ban lura da shi ba, cikin na gefe yake tun ranar da ya zo. Surayya ce a bayan wata buɗaɗɗiyar mota, a matse tsakanin mata huɗu da dammunan furanni, iska ta cika hijabinta, ta jefa kai baya tana dariya, bakin nan a buɗe har ana ganin wushiryarta. Ba ta ma san ana ɗauka ba.

Baba ya kawo wayar kusa da hanci, ya mayar da ita nesa, ya sake kawowa.

"Rabon da in ga yarinyar nan tana dariya haka tun tana firamare," ya ce. Ya juyo ya dube ni, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. "Kubra, wannan ma kin ga bai kamata in gani ba?"

Ya mayar da idonsa kan hoton. Ruwa ya cika fangalin ya fara tsallake kunya yana bin tumatirin da ba a kai ga layinsu ba, shi kuwa ko ɗagowa bai yi ba. Na tattare zane na shiga da sabon takalmina na cire tiyon.